Tambaya da Amsa: Katina ya ci kuɗi a Makka, cutata aka yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni 'yar kasuwa ce a Kasuwar Sheikh Gumi. Na je Umra, na sayi abayoyi na riyal 375 a wani shago a Makka, na biya da katin bankina na naira. Da alat ya shigo sai na ga abin da aka cire ya zarce lissafin da na yi da farashin 'yan canji. Otal ma ya riƙe mini wasu kuɗi, sai da na dawo gida aka sake su. Cutata aka yi ne? Daga wata Hajiya, Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya karɓi ibada. Da wuya a ce cuta ce. Kuɗin ne suka bi ta hannu da yawa, kowa kuma ya gutsuri nasa.

Tun 1986 riyal a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 a kan dala ɗaya. Ke nan abayoyinki dala 100 ne cif. Visa ko Mastercard ke mayar da riyal dala, sannan bankinki ya mayar da dalar naira a farashin da shi ya yanka, wanda ba dole ya zo ɗaya da na ɗan canji ba. Wasu bankunan har kaso suke ɗorawa saboda cinikin a waje aka yi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na'urar POS ɗin kanta. Wani lokaci idan ta gane katin baƙo ne sai ta tambaya: da riyal za a biya ko da dala? Mai shago na sauri, mutane sun yi layi a bayanki, sai ya danna dala bai ko tambaye ki ba. To nan kamfanin na'urar ne zai yi canjin da nasa farashin, galibi mai tsada, kuma bankinki zai sake yin nasa canjin zuwa naira. Don Allah ki riƙa duba fuskar na'urar kafin ki sa lambar sirri. A Saudiyya ki ce riyal, a Dubai dirhami, a Masar fam. Haƙƙinki ne ki zaɓa, kada ki ji nauyin kowa.

ATM kuma sau biyu yake iya ci: mai injin ya caja, bankinki ya caja. Gara ki ciri mai ɗan kauri sau ɗaya da ki riƙa cira kaɗan-kaɗan.

Na otal ajiyar jingina ce ko da za a yi ɓarna a ɗaki. Tunda katin a asusunki yake, kuɗinki ne ke maƙalewa kwana da kwanaki. Ki tambaye su ko za su karɓi jinginar a tsaba.

Ki tuna a 2022 bankuna da dama sun hana amfani da katin naira a waje, sai a 2025 wasunsu suka dawo da shi, da iyakar abin da za a kashe. Kafin tafiya ta gaba ki leƙa reshen bankinki, ki tambayi iyakarki, da nawa suke sayar da dala a kati, da abin da suke caja a ATM na waje. Idan katinki Verve ne ki nemi Visa ko Mastercard. Mai yawan zuwa saro kaya kamarki kuwa, ina ganin asusun dala da katinsa ya fi miki, ki kuma riƙe 'yan riyal a jaka saboda tasi da ƙananan sayayya.