Manoma ne da bindigar farauta suka kori Ingila a Yorktown?

Tambaya: Malam, ina koyar da tarihi a sakandare. Na faɗa wa ɗalibai cewa manoman Amurka ne da bindigogin farauta suka ci Ingila da yaƙi a Yorktown. Wani ɗalibi ya ce ai Faransa ce ta yi aikin, aji ya kaure da musu. Hankalina ya ƙi kwanciya, kada a ce shekara da shekaru shirme nake koya wa yara.

Amsa: Malam, ɗalibin nan naka ya fi kusa da gaskiya.

Wannan tatsuniya ta manoma ta ishe ni. Kullum sai na ci karo da ita a bakin malaman Facebook, masu zuga matasa cewa zuciya kaɗai ta isa a kayar da daula. Ƙarya ce, kuma irin ƙaryar da ke kai ’ya’yan mutane kabari. Sojojin da Washington, babban kwamandan Amurkawa a yaƙin neman ’yancin kai, ya kai Yorktown a 1781 horarru ne, sun shekara da shekaru a fagen daga. Tare da su kuma akwai dubban sojojin Faransa ƙarƙashin Rochambeau, da manyan igwoginsu da gwanayen haƙa ramukan ƙawanya.

Shi Washington ma New York ya so ya far wa, labarin tahowar jiragen Faransa ne ya juya akalarsa zuwa Virginia, inda Yorktown take. A teku aka yanke hukuncin yaƙin. Ran 5 ga Satumba, jiragen ruwan Faransa ƙarƙashin de Grasse suka kara da na Ingila a bakin mashigin Chesapeake, suka hana su shiga. Daga ranar Cornwallis, kwamandan sojojin Ingila a Yorktown, ya zama ba agaji, ba hanyar gudu. Ina manomi ya ga jirgin yaƙi? Hatta kuɗin da aka tafiyar da yaƙin da su, wani kaso azurfa ce da aka tara a Havana ta ƙasar Cuba, ƙarƙashin mulkin Sifaniya.

An fara ƙawanya ran 28 ga Satumba. Ran 19 ga Oktoba sojojin ɓangaren Ingila fiye da 7,000 suka ajiye makamai. Cornwallis ya ce ba shi da lafiya, ya turo mataimakinsa O’Hara. Shi kuwa O’Hara wajen Rochambeau ya fara nufa da takobin miƙa wuya, Bafaranshen ya nuna masa Washington, Washington kuma ya tura shi wajen mataimakinsa Benjamin Lincoln. Ka ga wanda Turawan Ingila suka ɗauka ya ci su.

Sai dai ka ja kunnen ɗalibin kada shi ma ya zarce. Faransa ba ta fito fili ta shiga yaƙin ba sai a 1778, bayan Amurkawa da kansu sun tilasta wa janar ɗin Ingila Burgoyne miƙa wuya a Saratoga a 1777. Kuma yaƙi bai ƙare a hukumance ba sai da yarjejeniyar Paris ta 1783.