Yaya Ake Auna Iskar Tauraron da Ba a Ganinsa Sai a Matsayin Ɗigon Haske?

Tambaya: Na karanta cewa manyan taurari, idan sun tsufa, sukan zubar da kaso mai yawa na jikinsu ta hanyar iskar da ke tashi daga gare su, har ana faɗin saurin iskar da yawan abin da take kwashewa a shekara. To, tunda ko da babbar na'urar hangen nesa ɗigon haske kawai ake gani, daga ina masana suke samo waɗannan alƙaluma, kuma har ina za a iya dogara da su?

Amsa: Malam, alƙaluman nan biyu da ka ambata ba darajarsu ɗaya ba. Saurin iskar kusan kai tsaye ake karanta shi daga hasken tauraron, amma yawan abin da take kwashewa sai an bi ta lissafin kwamfuta, kuma a nan ne gardamar masana take.

Taurarin da ake magana a kansu su ne waɗanda aka haifa da nauyin da ya ninka na rana sau 8 ko fiye. Rana ma tana da iska, sai dai abin da take rasawa bai taka kara ya karya ba. Tauraro mai tsananin zafi irin wanda ake kira Wolf-Rayet kuwa yakan zubar da kwatankwacin nauyin duniyarmu sau uku a shekara guda, wato cikin shekara 300,000 ya yi asarar nauyin rana uku.

Hanyar aunawa ta fara ne daga rarraba hasken tauraro zuwa launukansa, yadda suke jere a bakan gizo. Kowane sinadari yana da gurbinsa a wannan jeri, inda yakan shanye haske ya bar baƙin layi, ko ya fitar da haske ya bar layi mai ƙyalli. A 1867 Charles Wolf da Georges Rayet, a cibiyar binciken taurari ta Paris, suka ga taurari uku a rukunin Cygnus waɗanda layukansu masu ƙyalli ne kuma masu faɗi ƙwarai. Faɗin ne alamar iskar, domin gas ɗin da ke tahowa wajenmu haskensa yakan gusa zuwa ɓangaren shuɗi, wanda ke gudu daga gare mu kuma ya gusa zuwa ɓangaren ja, sai layin ya baje ta ɓangarorin biyu.

Akwai siffar layi da ta fi wannan bayani, wadda aka raɗa wa sunan tauraron P Cygni da ya haskaka kwatsam a 1600. Gas ɗin da ke daidai tsakaninmu da fuskar tauraron yana tahowa wajenmu, yana kuma shanye hasken da ke bayansa, saboda haka yakan bar baƙin gurbi a ɓangaren shuɗi, yayin da gas ɗin da ke gefe da gefe yake bayar da ƙyalli. Inda baƙin gurbin ya tsaya a can ƙarshen shuɗi, nan ne iyakar saurin iskar. Haske yana tafiyar kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka idan ƙarshen gurbin ya gusa da kashi ɗaya cikin 150 na tsawon zangon hasken, iskar tana gudun kilomita 2,000 a daƙiƙa ke nan. Mafi kyawun waɗannan layuka suna cikin hasken ultirabayolet, wanda ido ba ya gani kuma sararin duniyarmu yake tarewa, shi ya sa sai a 1967, da na'urar da aka harba a roka, Donald Morton ya tabbatar da irin wannan iska a manyan taurarin Orion. Daga baya tauraron ɗan'adam na IUE, da aka harba a 1978, da na'urar Hubble a 1990 suka faɗaɗa aikin.

Abin da ke tura iskar shi ne hasken tauraron kansa. Ƙwayoyin ƙarfe da kabon da naitirojin suna shanye hasken, hasken yana ingiza su waje, su kuma su ja sauran gas ɗin. Castor da Abbott da Klein ne suka tsara lissafin wannan a 1975, kuma har yau a kansa ake gini.

Yawan abin da iskar ke kwashewa ba ya rubuce a jikin layin. Dole mai bincike ya gina tauraro a kwamfuta, ya ba shi zafi da girma da sinadarai da adadin asara, manhaja ta lissafa yadda haske zai ratsa gas ɗin da ke ta gudu yana sirancewa, ta fitar da layuka, sannan a ɗora su a kan na ainihi. Idan ba su dace ba a sauya adadin a sake. Manhajojin da aka fi sani su ne CMFGEN ta John Hillier, da PoWR ta Potsdam, da FASTWIND ta Munich, biyun ƙarshe a Jamus. Aikin yana da nauyi domin a cikin iska mai siranta haka ba za a iya ɗauka cewa zafin wurin kaɗai ne ke tsara halin ƙwayoyin zarra ba, sai an lissafa dubban matakan kuzarinsu tare da hasken da ke ratsa su a lokaci guda.

Babban cikas shi ne cewa iskar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, dunƙule-dunƙule take. Ƙyallin layuka da yawa yana ƙaruwa ne da kaurin gas sau kansa. Ka ɗauki gas ka tattara shi cikin rubu'in filin da yake ciki: kaurinsa ya ninku sau 4, ƙyallin kowane yanki ya ninku sau 16, amma da yake rubu'in filin kawai ya cika, jimillar ƙyallin ta ninku sau 4, alhali ko ƙwaya ɗaya ba a ƙara ba. Wanda ya ɗauka iskar shimfiɗaɗɗiya ce zai ba da adadin da ya ninka gaskiya sau biyu. Da aka fara shigar da wannan cikin lissafi, an rage tsofaffin alƙaluma da kusan ninki biyu zuwa uku. A ganina, duk adadin asarar da aka kawo maka ba tare da an faɗi irin dunƙulewar da aka ɗauka ba, rabin bayani ne. Abin da ke ƙarfafa gwiwa shi ne idan layukan ultirabayolet da na hasken da ido ke gani da siginar rediyo duk suka nuna adadi ɗaya, tunda dunƙulewar ba ta shafar su daidai wa daida.

Ninki biyu ko uku ba ƙaramin abu ba ne a rayuwar tauraro, domin shi ke yanke nauyin da zai rage masa ranar mutuwa. Baƙaƙen ramuka biyu, wato ragowar manyan taurarin da suka mutu, da na'urar LIGO ta gano haɗuwarsu a 2015, kowanne kusan nauyin rana 30, sun fi sauƙin fahimta idan taurarin da suka haife su ba su da ƙarfe sosai, saboda ƙarancin ƙarfe yana raunana iska. Shi ya sa ake yawan duba taurarin Gajimaren Magellan, wasu ƙananan tarin taurari biyu da ke maƙwabtaka da namu, inda ƙarfe bai kai na unguwar rana ba.

Duk wannan ya shafi taurari masu tsananin zafi ne da iska mai ɗorewa. Tauraron Eta Carinae, wanda a 1843 ya zama na biyu a haske cikin taurarin dare bayan Sirius, ya amayar da fiye da nauyin rana 10 cikin shekaru kaɗan, abin da lissafin 1975 ba zai iya bayarwa ba. Jajayen manyan taurari irin Betelgeuse kuma iskarsu a hankali take tafiya, gomman kilomita kawai a daƙiƙa, kuma har yanzu masana ba su daidaita a kan abin da ke ɗaga ta ba. Betelgeuse yana cikin 'yan ƙalilan da ake iya ganin fuskarsu: lokacin da ya dusashe daga ƙarshen 2019 zuwa farkon 2020, hotunan na'urar VLT da ke Chile sun nuna kudancin fuskarsa ya yi duhu, kuma bayanin da ya fi karɓuwa shi ne cewa gas ɗin da ya tofar ne ya huce ya zama ƙura ta tare hasken.