Me ya sa maganin funfunar huhu ya daina ci?

Malam, ka ce an yi wa ɗan'uwanka dashen ƙoda, funfunar Aspergillus ta kama huhunsa, kuma maganin voriconazole bai yi aiki ba. Allah ya ba shi lafiya. Ba lallai ne sakacinsa ba. Magungunan feshin gona da yawa dangin azole ne, gida ɗaya da wannan magani, don haka funfunar kan saba da su tun tana cikin ƙasa, mutum ya shaƙe ta da taurin kanta. Shi ya sa a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa nau'inta mai suna Aspergillus fumigatus a sahun funfuna mafi haɗari. Ku nemi likita ya gwada ƙwayar funfunar a ɗakin gwaji, ya auna yawan maganin a jini. Akan koma ga wani magani, amphotericin B, sai dai yana wahalar da ƙoda, a sa ido sosai.