Ina Tarayyar Afirka take ranar da aka rufe iyakar Nijar?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Farin Gada, Jos, ina kai dankalin turawa Maraɗi. Da aka rufe iyaka a 2023 cinikinmu ya tsaya cik. In Tarayyar Afirka ba ta iya hana irin wannan, me shugabanni ke zuwa yi Addis Ababa duk shekara?

Amsa: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Rufe iyakar nan ba daga Addis Ababa ya fito ba. ECOWAS ce ta yanke shi a nan Abuja, kwana huɗu bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kuma ita ta janye takunkumin a Fabrairun 2024. Abin da Tarayyar Afirka ta yi shi ne dakatar da Nijar daga zamanta. Amma tambayarka tana nan daram, kuma amsarta tsohuwa ce.

Da shugabannin ƙasashe 32 suka hallara a Addis Ababa a Mayun 1963, Kwame Nkrumah na Ghana ya nemi a kafa gwamnati ɗaya ta nahiyar nan take. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da masu ra'ayinsa suka ce a bi a sannu, a fara da ciniki da sufuri, kowa ya riƙe 'yancinsa. Nasu ra'ayin ya yi rinjaye, aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka (OAU) a kan sharaɗin ba mai tsoma baki a cikin gidan wani. Ta taimaka ƙwarai wajen kawar da mulkin mallaka da wariyar launin fata, amma tana ji tana gani aka yi kisan kiyashin Ruwanda a 1994. Wannan abin kunya na cikin dalilan da suka sa aka maye gurbinta da Tarayyar Afirka a Durban a 2002, aka kuma rubuta mata ikon shiga ƙasar da ake kisan ƙare dangi.

A takarda ke nan. A aikace, majalisar masu unguwa ce da ba ta da hakimi. Ƙasashe 55 ne, kowace da tutarta da kwastan ɗinta. Tarayyar ba ta da sojan kanta, kuma in shugaba ya sa hannu ya koma gida ya yi biris, ba ɗan sandan da zai kamo shi. Ga kuma batun kuɗi, wanda ya fi komai ci mini rai: ginin hedikwatar ma China ce ta gina shi kyauta a 2012. A Kigali a 2016 an amince kowace ƙasa ta ware kashi 0.2 cikin ɗari na kuɗin kayan da take shigowa da su don ƙungiyar ta tsaya da ƙafarta, amma da yawa ba su aiwatar ba. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa, sai ya yi masa aski.

Duk da haka ba zan ce maka zaman banza ba ne. Shekarun da ka yi kana shiga Maraɗi ba biza, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ce ta ba ka damar, har kwana 90. Ƙungiyar kuwa ɗan Filato ne, Janar Yakubu Gowon, ya yi fafutukar kafa ta tare da Eyadema na Togo a 1975.

Abin da ya fi shafar aljihunka shi ne yarjejeniyar ciniki ba shinge ta Afirka, wadda aka ƙulla a Kigali a 2018 don rage kuɗin fito tsakaninmu. Nijeriya ta sa hannu a Yamai a Yulin 2019. Watan da ya biyo baya, Agusta, ta rufe iyakokinta na ƙasa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, ba ta buɗe ba sai Disambar 2020. Ka ga mai sa hannun shi ne mai rufe ƙofar, don haka koken 'yan kasuwa Abuja ya kamata ya fara nufa kafin Addis Ababa.

Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, amma ba su bar Tarayyar Afirka ba. A lokacin ficewar ECOWAS ta ce a ci gaba da barin mutanensu da kayansu suna zirga-zirga har sai an daddale. Kafin ka yi lodi, ka tuntuɓi direbobin da suka dawo daga Jibiya a makon, kuma takardunka su kasance cikakku.