Amsa ga sabon magatakarda: kafin ku biya kuɗin manhajar rajistar mambobi

Malam Magatakarda, barka da wannan nauyi da aka ɗora maka, Allah ya ba da ikon saukewa. Na ga tambayarka. Ka ce littattafan rajistar majami'arku sun tsufa, dattawa na so a koma kwamfuta, wani matashi ya ce zai gina muku manhaja ku biya shi, wasu kuma sun ce gara ku shiga ta waje irin Planning Center ko Breeze, kana neman sanin wadda ta fi. Na daɗe ina riƙe da rajistar majami'armu, ni ne kuma ke kula da ta ƙungiyar ci gaban garinmu, to bari in faɗa maka abin da na gani.

Shawarata ita ce kada ku ba kowa ko sisi tukuna. Ku fara gyara sunayen mutanenku a Excel ko Google Sheets, ku yi aiki da shi na wasu watanni. A nan ne za ku san ainihin abin da kuke buƙata, kuma duk manhajar da za ku saya daga baya, wannan fayil ɗin za ta fara tambayarku.

Sunaye su ne za su fi ba ka wahala, ba kwamfuta ba. Mutum ɗaya Bitrus ne a katin baftisma, Peter ne a banki, a Zumuntar Maza kuma ba wanda ya san shi sai da sunan babban ɗansa. Mace ta yi baftisma da sunan mahaifinta, bayan aure ta koma amsa sunan miji, ita kuma magatakardar Zumuntar Mata ta rubuta ta da laƙabi. Ga sunayen rana, su Ladi da Talatu da Asabe, waɗanda kusan kowane layin kujera akwai ɗaya. Idan ka kwashe littattafan nan yadda suke ka zuba a kwamfuta, za ka ga majami'ar ta cika da mutanen da ba su wanzu ba, mutum ɗaya ya zama uku. Maganinsa shi ne kowa ya samu lambarsa ta dindindin wadda ba ta canzawa ko ya yi aure, ko ya canza waya, ko ya tashi daga unguwa, kuma ba a ba wani ita ko bayan ya rasu. Sai lamba ta biyu ta gida, wadda duk masu cin tukunya ɗaya ke tarayya a kai. Wannan ta biyun tana da muhimmanci a wurinmu, domin gidajenmu ba miji da mata da yara biyu ba ne kawai. Akwai yaran riƙo, akwai ƙanin matar gida da ya zo karatu, akwai dangin da rikici ya koro daga ƙauye. Ka bar wa kowannensu gurbin da za a rubuta dangantakarsa da mai gida.

Sai gurbin matsayi: mai shan jibi, ɗan ajin baftisma, yaro, baƙo, wanda ya karɓi takardar ƙaura zuwa wata majami'a, wanda ya rasu. Kada ka goge sunan kowa, matsayinsa kawai za ka canza. Bayan shekaru wani zai zo neman shaidar ɗaurin auren iyayensa saboda fansho ko rabon gado, ko shaidar baftisma saboda makarantar tauhidi. Saboda haka nan ma tsofaffin littattafan ba abin yarwa ba ne. Ku ɗauki hoton kowane shafi, ku kulle su inda gara da ruwa ba za su kai ba, ku ci gaba da sa hannu a littafin aure da na baftisma kamar da.

Excel na da wasu halaye da ya kamata ka sani tun ranar farko. Idan ka buga lambar waya, zai cinye sifilin farko, 0803 ta koma 803, idan kuma ka rubuta ta da 234 a gaba yakan mai da ita wani lissafi mai harafin E a tsakiya. Ka mai da layin wayar gaba ɗaya ya zama na rubutu kafin ka fara bugawa. Kwanan wata ma haka: kwamfutar da aka saita ta Amurka tana sa wata kafin rana, sai 3 ga Afrilu ta koma 4 ga Maris ba ka sani ba. Ka raba rana da wata da shekara gida uku. Wannan zai kuma taimaka maka da tsofaffin da ba su san ranar haihuwarsu ba, ka sa shekara kawai ka bar sauran, maimakon ka cika rajista da 1 ga Janairu har manhaja ta riƙa tura wa rabin Zumuntar Mata gaisuwar ranar haihuwa a rana ɗaya. Haruffa masu lanƙwasa kuma ku yanke shawara guda, ko Ɗanladi ko Danladi, domin kwamfuta na ɗaukarsu suna biyu ne daban. Idan za ku yi da lanƙwasa, to wajen fitar da fayil zuwa CSV, wato tsarin fayil ɗin da manhajoji ke karɓa, a zaɓi tsarin haruffa na UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su koma alamar tambaya.

Wajen tattara bayanan, fam na takarda bayan sujada ya fi komai aiki, shugabannin ƙungiyoyi su tsaya a kai. Idan kuna da majami'u a ƙauyukan da sabis ke wuya, KoboToolbox na da manhajar waya da ake cika fam ba tare da intanet ba, in an shigo gari ta tura.

Yanzu ga waɗanda aka ambata maka. Planning Center na Amurka ne, kuma ɓangarensa na rajistar mutane kyauta ne, sauran ɓangarorin ne ake biya idan aiki ya yi yawa. Yana da kyau ƙwarai, amma sai da intanet. Breeze ya fi sauƙin koyo, kuɗinsa na wata ɗaya ne ko ku nawa ne, Tithe.ly ne ya saye shi a 2021. Wild Apricot na Kanada ya fi dacewa da ƙungiyoyi masu kuɗin shekara-shekara, shi kuma gwargwadon yawan sunayenku gwargwadon abin da za ku biya. Duk an gina su ne domin mutanen da ke ba da baiko da katin banki, suke kuma karanta imel kullum. Ɓangarorinsu na karɓar kuɗi da tura saƙon waya, waɗanda su ne rabin amfanin, galibi an ɗaura su ne a kan bankuna da layukan can. Mu kuwa baikonmu a kwando yake, ko ta tiransifa, sanarwa kuma a WhatsApp da bakin mai sanarwa ranar Lahadi. Sai ka ga kana biyan kuɗin abu cikakke kana amfani da gefensa.

Ga kuma dala. Ka ɗauka manhaja dala 50 ce a wata. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023, a farashin gwamnati na wajen naira 460, kuɗin bai fi 23,000 ba. Da dala ta kai 1,500 a 2024, ya zama 75,000, ba tare da an ƙara muku komai ba. Akwai ma lokacin da bankuna suka rage abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, wasu suka rufe gaba ɗaya. Ka tambayi ma'aji ko zai iya tsayawa gaban taron majami'a ya kare wannan kuɗin a shekarar da ake bin ku kuɗin kwanon rufi.

Akwai na kyauta da kowa ke iya ɗauka ya girka: ChurchCRM, wanda aka tsara shi a kan iyali da ƙungiyoyin majami'a, da CiviCRM, wanda ya fito tun 2005 domin ƙungiyoyi masu zaman kansu, yana hawa kan manhajojin gina shafin intanet irin su WordPress ko Drupal ko Joomla. Kyautar a manhaja ta tsaya. Za ku biya kuɗin saba, wato kwamfutar intanet da manhajar za ta zauna a kai, duk shekara, kuma dole a samu wanda zai riƙa sabunta ta. CiviCRM musamman ba na ɗan koyo ba ne.

Batun matashin nan ne na fi so ka natsu a kai. Ba na hana yaranmu aiki, wasunsu sun fi na waje sanin abin da muke so. Amma na ga wata ƙungiya da ɗan wani mamba ya gina mata manhaja mai kyau, ya ɗora a asusunsa, da imel ɗinsa, da katinsa. Ya samu aiki a kudu, kuɗin saba ya ƙare, saƙon gargaɗi ya riƙa shiga imel ɗin da ba wanda ke dubawa, kamfanin ya share komai. Ba mugunta ya yi ba, hidimar gabansa ce ta ɗauke shi. Zanen aro dai ba ya rufe katara. To idan za ku ba shi aikin, a rubuta yarjejeniya, dattawa su sa hannu. Asusun saba da sunan shafin su kasance da imel ɗin majami'a. Kalmar sirri ta babban mai kula ta kasance a hannun mutum biyu cikin shugabanni. A kuma sa maɓallin da kai da kanka za ka danna ka sauke dukan bayanai zuwa Excel ba sai ka kira shi ba, ya gwada maka a gabanka kafin a biya kashi na ƙarshe. Wannan sharaɗin na ƙarshe ya hau kan kowace manhaja, ta gida ko ta waje. Wadda ba ta barin ka fita da bayananka cikin sauƙi, kada ka shiga. Ku kuma tambaye shi nawa ne gyara a shekara ta biyu, domin nan ne rigima ke tashi.

Wani abin da ba ka tambaya ba, amma ya fi zaɓen manhaja nauyi, shi ne wa zai ga me. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa addinin mutum da ƙabilarsa da lafiyarsa cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman, kuma rajistar majami'a kusan dukanta irin wannan ce. Bayanan yara sai da yardar iyaye. Idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da mutane, dokar ta ba da awa 72 a sanar da NDPC, hukumar kare bayanai ta ƙasa. Ko da babu doka, ka san inda muke zaune. Fayil mai ɗauke da suna da lambar waya da kwatancen gida da yawan zakkar da mutum ke bayarwa, idan ya faɗa hannun masu garkuwa da mutane ko 'yan damfara, an gama musu rabin aiki. Akwai kuma waɗanda fitar sunansu kaɗai zai iya haɗa su da danginsu. Irin waɗannan fasto ya riƙe a wurinsa, ba sai sun shiga kwamfuta ba. Haka maganar horo da shawarwarin aure, ba su da gurbi a rajistar da mutum biyar ke buɗewa. Lissafin zakka ya tsaya tsakanin ma'aji da mai binciken kuɗi, da lambar mamba maimakon suna. Kada a taɓa tura fayil ɗin gaba ɗaya a zauren WhatsApp, ko da na dattawa ne. Shugabar mata ta nemi jerin mata, ka cire mata suna da waya kawai. Lokacin siyasa za a zo maka da fara'a ana neman lambobin mambobi domin a gaishe su, ka ce majalisar dattawa ta hana, ka kuma tabbata ta hana ɗin a rubuce.

Ga 'yan ƙungiyoyi da ke karanta wannan, da kwamitocin masallatai da Islamiyyu, duk abin da na faɗa ya shafe ku, sai dai ku ciwonku kuɗin wata ne. Alat zai shigo da sunan mai POS, ba bayani, ma'aji ya rasa na wane ne. Ku sa kowa ya rubuta lambarsa ta mamba a wurin bayani, ko ya tura hoton rasit ga layi ɗaya tak. Idan kun yi yawa, Paystack da Flutterwave na ba da shafin biya da ke kama sunan mai biya, suna cire kasonsu. Na Paystack da na sani kashi 1.5 cikin ɗari ne da naira 100 a kai, ba ya wuce naira 2,000, amma ku duba kafin ku shiga. Amfanin wannan ranar zaɓe yake fitowa, lokacin da ake gardamar wa ya biya, wa ke da ikon jefa ƙuri'a. Ƙungiyar da ta yi rajistar amintattu da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, kuma tana da rahoton shekara da za ta miƙa tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba, lissafi mai tsabta na rage wahalarsa.

Kowace hanya kuka bi, a sa mutum ɗaya da mataimakinsa su zauna ɗan lokaci kowace Lahadi bayan an tashi, su shigar da haihuwa da rasuwa da baƙi da canjin waya na makon. Ƙarshen wata a kwafe fayil ɗin a filashi mai kalmar sirri, a ajiye a wani gida daban da inda kwamfutar take. Idan kun yi wata shida kuna haka ba fashi, kuka ga Excel ya fara yi muku kaɗan, misali mutum uku na son shigar da abu a lokaci guda, ko kuna son bin halartar yaran makarantar Lahadi, to ku fara gwada ɓangaren kyauta na Planning Center ko ChurchCRM da sunayen ƙungiya ɗaya, kamar mawaƙa, kafin ku kwashe kowa. Idan kana so, ka yi mini magana ta gefe in turo maka fam ɗin da muke rabawa da tsarin layukan Excel ɗinmu, babu sunan kowa a ciki, ka gyara yadda ya dace da ku ka kai wa dattawa a zamansu na gaba.