Dalilin da faifan ajiya ke katsewa da zarar ya fara juyawa

Malam, ka tambayi abin da ya sa faifanka mai inci 2.5 yake ɓacewa daga kwamfuta da zarar ka haɗa shi da allon gwajin USB zuwa SATA (SATA shi ne nau'in mahaɗin da ke jikin faifan). A ganina, matsalar tana wajen wuta. Tashar USB 2.0 tana ba da miliamfiya 500 ne kawai a kan volt 5, ta USB 3.0 kuma 900, alhali injin faifan yakan zuƙi kusan amfiya ɗaya (wato miliamfiya 1000) a daidai lokacin da yake tashi, sai ƙarfin wutar ya faɗi, guntun lantarkin (chip) da ke haɗa ɓangaren USB da na SATA ya sake farawa, sai faifan ya ɓace daga kwamfuta.

Kada ka yi saurin jibga babban kafasita (na'urar da ke tara cajin lantarki) a layin shigowar wuta, domin ƙa'idar USB ta taƙaita shi ga maikurofarad 10. Gara ka ba faifan wuta daga adafta ta daban, ka sa makunni mai sakin wuta sannu a hankali. Shi kuwa guntun, a ba shi volt 3.3 ta na'urar daidaita wuta, tare da ƙananan kafasita dab da ƙafafunsa. Idan faifan mai inci 3.5 ne, dole a ƙara layin volt 12.