Tambaya da Amsa: Jakarka Idan Za Ka Canza Jirgi a Hanya

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Zan je sarin kaya Guangzhou daga Kano, za mu canza jirgi a Addis Ababa. Shin sai na karɓi jakunkunana a can na sake kai su awo? Daga wata 'yar kasuwa, Kantin Kwari.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Tikitinki ne zai raba gardama. Idan tafiyar duka a tikiti ɗaya take, da lambar bukin (rajistar tafiya) ɗaya mai haruffa shida, kayanki za su wuce kai tsaye. Ma'aikata ne za su sauke su daga jirgin farko su loda a na biyu, ke dai ki nemi ƙofar shiga jirginki.

Amma kada ki bar kantar awon kaya a Kano sai kin karanta doguwar takardar da aka ɗaura a hannun jakar. Kowane filin jirgi yana da haruffa uku. Addis Ababa ADD ce, Guangzhou CAN, Kano kuwa KAN, harafi ɗaya tak ya raba biyun nan. Idan ADD kaɗai kika gani babu CAN, to a Addis jakar za ta tsaya, ki yi magana nan take. Ƙaramar sitikar da za a liƙa miki a bayan katin shiga jirgi ita ce rasit ɗinki. Ki ɗauke ta a hoto da waya. Ki kuma cire tsofaffin takardun tafiyar baya, domin suna rikita na'urar da ke rarraba kaya.

Inda mutane ke shiga uku shi ne tikiti biyu daban, irin wanda wasu ejan-ejan ke haɗawa don ya fi araha. A nan galibi sai kin wuce jami'an shige da fice, kin ɗauki kaya, kin sake bin layin awo. Hakan na iya nufin biza ta ƙasar da kika yada zango, da biyan kuɗin ƙarin nauyi sau biyu. In jirgin farko ya makara aka rufe kanta, wadda a tafiyar ƙasa da ƙasa akan rufe kamar awa ɗaya kafin tashi, kamfani na biyu ba ruwansa. Arahar nan ba ta kai wahalarta ba. Ki tambayi ejan kafin ki biya.

TAMBAYA: Tikitina ɗaya ne daga Abuja zuwa wani gari a Amurka, amma an ce sai na ɗauki kayana a Washington. Gaskiya ne? Daga wani ɗalibi, Zariya.

AMSA: Gaskiya ne, Malam. A ƙa'idar Amurka, kwastan na duba kaya a filin da aka fara sauka. Ka ɗauki jakar a bel ɗin da ke juyowa da kayan fasinja, ka wuce kwastan, gaba kaɗan akwai wurin mayar da kayan masu ci gaba da tafiya. Ba sai an sake ɗaura takarda ba. Haka ma in ka dawo ta Legas za ka hau jirgin cikin gida zuwa Kano: ka karɓi kaya, sannan ka nufi ɓangaren jiragen cikin gida, wanda sai da mota. Ka ware awa uku zuwa huɗu.

TAMBAYA: Na sauka, bel ya gama juyawa, jakata ba ta fito ba. Me zan yi? Daga wani magidanci, Maradi.

AMSA: Alhaji, kada ka fita daga zauren. Je ofishin kayan da suka ɓata, ka nuna sitikarka mai lamba goma, a cike maka takardar rahoto da ake kira PIR, ka karɓi lambarta. Kamfanin da ya kawo ka zangon ƙarshe ne ke bin sawun jakar. Yawanci ba sata ba ce, tazarar canjin jirgi ce ta yi kaɗan: kai ka yi gudu ka samu jirgi, jakar ba ta samu ba, sai ta biyo na gaba.

Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ƙasashe suka ƙulla kan haƙƙin fasinjan jirgin sama, ta ɗaure kamfanonin jirage, amma da wa'adi. Jakar da ta lalace, ka rubuta ƙorafi cikin kwana 7. Wadda ta makara, cikin kwana 21 daga ranar da ka karɓe ta, haɗe da rasit na kayan sawa da ka saya. In ta wuce kwana 21 ba ta zo ba, kana da damar neman diyya a matsayin ɓatacciya. Diyyar tana da iyaka, wajen dala dubu biyu ga fasinja ɗaya komai tsadar abin da ke ciki. Don haka zinari, kuɗi, fasfo da maganin ciwon suga ko hawan jini su kasance a jakar hannu, tare da kayan sawa na kwana ɗaya.